Gyaran Kwalekwale Kafin Damina

Manoman bakin Kwara, daga Yauri har Lakwaja, kwalekwale shi ne jakinku. In ya yi yoyo a tsakiyar kogi, shinkafar shekara ta tafi, wani lokaci har da rai.

To, tun da rani ku jawo shi tudu. Ku kife shi bisa duwatsu saboda gara, a inuwa kuma, gama rana tana tsaga itace. Ku kankare gansakuka. Inda ya tsage, ku cusa auduga da bakin wuƙa, ku bi da narkakkiyar kwalta. Babbar kafa kuwa, ku rufe ta da fallen gwangwani da ƙananan ƙusoshi, ku shafe da kwalta.

Kafin ku yi lodi, ku bar shi kwana biyu cikin ruwa, itacen ya kumbura, kafofi su toshe.