Mai zuwa Kafin Dafga, bar manhajar gwaji a gida

Kafin Dafga mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Karaye, a yammacin jihar Kano, inda ƙasa ke gangarawa ta Rogo har ta haɗe da iyakar Katsina da Kaduna. Mutumin yankin ba ya buƙatar na'ura ta nuna masa hanyar gida. Wannan shawara ta baƙo ce: ma'aikacin lafiya da aka turo rigakafi, malamin gona mai awon filaye, ɗan kasuwa mai neman rake ko masara, ɗalibi mai bincike a bakin madatsar ruwa ta Challawa. Irin waɗannan su ne ke tafe da na'urar GPS ta hannu, ko kuma waya mai taswira a ciki, kuma su ne wata rana saƙo ke faɗo wa cewa ga sabuwar manhaja ta fito, ta gwaji ce, ko kana so ka riga kowa ɗanɗanawa?

Amsata a taƙaice ita ce a'a, muddin da wannan na'urar za ka yi tafiyar.

Kowace na'ura tana da manhajar ciki wadda ke tafiyar da ita: ita ke kunna allo, ita ke sauraron taurarin ɗan'adam, ita ke lissafa inda kake tsaye. Kamfanoni irin su Garmin sukan saki sabuwarta iri biyu. Akwai kammalalliya, wadda aka tantance aka ce kowa ya ɗauka. Akwai kuma ta gwaji, wadda suke kira beta, da ake miƙa wa masu sa kai domin su yi amfani da ita su gano kurakuran da suka ɓuya. Ma'ana, kamfani da bakinsa ya gaya maka bai gama aiki ba. Wanda ke zaune a Kano da wuta da intanet da kwamfuta a gefe yana iya yi musu wannan taimako, in na'ura ta sandare ya gyara da yamma. Kai da ke kan babur tsakanin gonaki, rana ta karkata, ba ka da wannan sararin.

Kurakuran manhajar gwaji ba kasafai suke zuwa da hayaniya ba. Wani lokaci batirin da ya saba kai ka yini biyu sai ya mutu kafin la'asar. Wani lokaci na'ura ta kashe kanta ta sake tashi, sawun tafiyar da take ajiyewa tun safe ya yanke a tsakiya. Mafi muni shi ne wanda ba ka gani: saitin da ka yi ya koma na asali ba tare da sanarwa ba. Wannan ya fi shafar masu awon fili. Tsofaffin taswirori da takardun safiyo na Najeriya an gina su ne kan ma'aunin Minna, na'urorin GPS kuwa da WGS 84 suke fitowa daga kamfani, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ta kai gomomin mitoci. A kan titi wannan ba komai ba ne. A kan iyakar gona kuwa, ya isa ya kai maƙwabta gaban dagaci.

Komawa baya ma ba arha ba ne. A yawancin na'urori, cire manhajar gwaji don a dawo da tsohuwa yana share saiti, wani sa'in har da wuraren da ka adana. Haka yake ga wanda ya shigar da wayarsa tsarin gwaji na Android: ficewa kafin kammalalliya ta fito yakan zo da goge duk abin da ke cikin wayar. In kuwa caji ya ƙare ana tsakiyar ɗora manhaja, na'ura na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Waya dai ka kai ta kasuwar Farm Centre a Kano a yi mata filashin. Na'urar GPS ta hannu kuwa, masu taɓa ta ba su da yawa ko a birni, balle a Karaye.

Kada a ɗauka ina cewa a guji sabuntawa kwata-kwata, don wannan ma ganganci ne. Ranar 6 ga Afrilu 2019 lissafin makonni na tsarin GPS ya cika ya koma sifili, abin da ke faruwa duk bayan mako 1,024, wato kusan shekara 20. Wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta ba sai suka riƙa nuna kwanan wata na bogi. Wanda ya ɗauki kammalalliyar manhaja a kan lokaci bai ma san an yi ba. Sai dai ita ma kammalalliyar ba ma'asumiya ba ce. A ƙarshen Janairu 2025 agoguna da yawa na Garmin sun maƙale a kan wata alama mai kusurwa uku ruwan bula, suna kunnuwa suna mutuwa, saboda wani gurɓataccen fayil na bayanan taurari da ya sauka a kansu, alhali masu su ba su shiga gwajin komai ba. In abin da aka tantance zai iya yin haka, ina ga wanda ba a gama ba?

Don haka lokaci shi ne kan gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka sabunta, ɗauki kammalalliya, ka yi a gida mako ɗaya ko biyu kafin tashi, da cikakken caji. Kafin ka taɓa komai, kwashe wuraren da ka adana da sawun tafiye-tafiyenka zuwa kwamfuta ko katin ajiya. Fayilolin GPX ne, ba su da nauyi. Bayan sabuntawa ka fita da na'urar unguwa, ka tsaya a inda ka san lambobinsa, ka ga ko ta faɗi daidai, ka duba ma'auni bai canja ba, ka lura da yadda take cin batir. Daga nan ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye har ka dawo. A waya ma haka: leƙa Play Store ka tabbata ba ka taɓa danna shiga gwajin manhajar taswirarka ba, don mutane da yawa sun shiga ba su sani ba.

Wanda ƙaiƙayin gwaji ya dama, ya yi yadda manomi ke yi da sabon iri: a kusurwar gona ake fara zuba shi. Samu na'ura ta biyu ka gwada a kanta.

Akwai abin da ya fi manhaja muhimmanci ga mai zuwa wannan yanki, wato taswirar kanta. GPS ba ya buƙatar sabis ko data. Daga taurari yake ji, waɗanda ke shawagi sama da kilomita 20,000 daga ƙasa, kuma huɗu sun ishe shi ya gane inda kake. Amma hoton hanya da sunayen garuruwa, a waya, daga intanet suke zuwa, sai in ka sauke su tun kana da sabis. Google Maps na ba da damar sauke yanki, haka OsmAnd da Organic Maps masu amfani da taswirar OpenStreetMap. Sauke Karaye da Rogo da Kiru da Gwarzo gaba ɗaya, har da gefen Katsina da Kaduna. Sabis na iya ɗaukewa ba don lalacewar komai ba: a Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori, saboda matsalar tsaro.

Ko da ka sauke, kada ka ba taswira dukkan amana. Ƙauyuka da rugage da yawa na Arewa ba su hau taswira da kyau ba sai da yaƙi da cutar shan inna ya tilasta a zana su, lokacin da aka fara raba wa ma'aikatan rigakafi wayoyi masu GPS a wajen 2012 don a ga inda suka taka. Har yau akwai garuruwa masu suna ɗaya, akwai Kafi da Unguwa da Tudu barkatai, kuma rubutun suna a taswira ba lallai ya dace da yadda ake faɗinsa ba. Ga kuma damina. Hanyar burji da na'ura ta nuna a miƙe tana iya zama rafi a watan Agusta, musamman a ƙasar da ke kewaye da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992. Babu manhajar da ta san wannan, sabuwa ko tsohuwa. Ɗan acaɓan da ke tsaye a kwana ya sani, don ya bi ta da safe.

Tafi da batira na ajiya, galibin na'urorin eTrex na Garmin guda biyu ƙanana na AA suke ci, da abin cajin waya na aljihu. Rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa a takarda, bi da bi. In aiki ya kawo ka, fara da gaida mai unguwa ko dagaci kafin ka zaro na'ura kana nuna gonakin mutane, domin baƙo mai awo ba gabatarwa zargi yake jawo wa kansa. Ka kuma tsara tafiyarka yadda za ka isa masauki kafin magariba.