Daudawar Batso: Abincin Gina Jiki Daga Gefen Gona

A wannan fitowa shafinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan wani abu da kowa ya san warinsa, amma ba kowa ya san darajarsa ba. Wannan abu shi ne daudawar batso, wadda mata suke yi da gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa.

A ƙasar Adar da ta Ƙwanni itacen ɗorawa ba shi da yawa. Kalwar da ake yin daudawa da ita daga kudu take zuwa, daga wajen Gaya da Nijeriya. Kafin ta iso kasuwar Badagishiri ko ta Illela, ta yi tsada. Yakuwa kuwa tamu ce. Tana fitowa a jigawa, tana fitowa a bakin fadama, tana haƙuri da ƙasa marar ƙarfi. Shi ya sa tun kaka da kakanni miyar ƙauyukanmu da batso ake kaɗa ta. Amma yau ƴan mata da yawa suna ƙyamar ta. Suna cewa tana da wari, abincin tsofaffi ce. Sun koma ga dunƙulen kanti, wanda kowa ke kira magi. To, bari mu auna su biyun, mu ga abin da kowanne yake kai wa jikin iyali.

Me ke cikin gurguzu?

A ajin yaƙi da jahilci mun koyi cewa abinci iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar hatsi da dawa da mai. Akwai mai gina jiki, kamar nama da kifi da nono da wake. Akwai kuma mai kare jiki daga cuta, kamar ganye da ƴaƴan itace. Gurguzu yana cikin masu gina jiki. A cikin giram 100 na gurguzu akwai abin gina jiki tsakanin giram 20 da 30. Wake ma haka yake. Hatsi kuwa abin da ke cikinsa bai wuce giram 11 ko 12 ba. Ban da wannan, kusan kashi ɗaya cikin biyar na gurguzu mai ne. Yana kuma da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi, da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Akwai wani abu kuma. Abin gina jikin da ke cikin hatsi bai cika ba, akwai wani ɓangare da ya yi masa ƙaranci. Wannan ɓangare yana da yawa a cikin wake da gurguzu. Idan tuwon hatsi ya haɗu da miyar da aka zuba wa batso ko wake, sai wannan ya cike giɓin wancan. Iyayenmu ba su shiga aji ba, amma sun haɗa su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗanyen gurguzu ba ya ciwuwa. Ɓawonsa yana da tauri, kuma yana ɗauke da wasu abubuwa masu riƙe ƙarfen, su hana shi shiga jini. Aikin da mata ke yi shi ne yake buɗe shi.

Yadda ake yi, da abin da ke faruwa cikin tukunya

Kowane gari da hannunsa, kuma mata masu karanta wannan shafi sun fi mai rubutu sanin aikin. Amma hanyar gaba ɗaya ita ce wannan. Ana sheƙe gurguzu, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓun ƙwayoyi, a wanke. Sai a dafa shi dahuwa mai tsawo, kamar daga safe zuwa dare, har ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu biyu. Wasu suna zuba ruwan toka ko kanwa don ya yi saurin laushi. A tsane ruwan, a zuba shi cikin tukunya ko kwando, a rufe ruf, a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Bayan nan a daka, a yayyafa ruwan tokar kara, a sake rufewa ya ƙara kwana. Daga nan sai a dunƙula, a shanya a rana har ya bushe.

A cikin kwanakin nan da tukunya take rufe, wasu ƙananan halittu ne suke aiki. Ido ba ya ganin su, sai da madubin likita. Ba dukan irin waɗannan halittu ke kawo cuta ba. Wasu ne ke mai da madara nono, wasu ke sa ƙullu ya yi tsami. Na cikin batso suna farfasa abin gina jikin ya zama ƙanana, yadda ciki zai narkar da shi da sauƙi. Suna kuma rage abubuwan nan masu riƙe ƙarfe. Warin da ake ƙyama da ɗanɗanon da ake so, duka daga aikinsu suke fitowa. Suna son ɗumi, shi ya sa batso ke saurin nuna da bazara, ta yi nawa da ɗari.

Kada mai karatu ya ɗauka talauci ne ya sa mu kaɗai muke cin irin wannan abinci. Zabarmawa suna yin ta. A Burkina Faso ana ce mata bikalga, a Mali datu, a Sudan furundu, a arewacin Kamaru mbuja. A can ƙasar Japan, wadda ke ƙera motocin da muke hawa, suna dafa waken soya su rufe shi, irin halittun nan na batso su yi aiki a kansa. Suna kiransa natto, yana da yauƙi da wari, kuma da shi mutane da yawa suke karya kumallo. Suna da wani farin tushe dogo, daikon, dangin radi ɗin da ake shukawa a garake. Sukan shanya shi ƴan makonni, su jera cikin ganga da gishiri da dusar shinkafa, su danne da dutse, ya yi watanni. Shi ne takuwan, wanda suke ci da shinkafa. Sai dai takuwan gishiri ne ke tsare shi, kuma likitocin ƙasar sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan cin kayan gishiri yana kawo hawan jini da cutar dajin tumbi. A nan batso ta fi shi: rana ce ke tsare ta, ba ta bukatar gishiri.

Lissafin gishiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini. Wannan kamar cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne, a shafe. Ƙaramin dunƙulen kanti yana da nauyin giram 4, kuma kusan rabinsa gishiri ne. Uwargidan da ta jefa biyar a tukunya ta zuba wajen giram 10 na gishiri ke nan, tun ba ta kai hannu ga kwanon gishiri ba. Da dare kuma a sake. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana tafiya lafiya, ran nan sai a ce ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Mace mai ciki kuma hawan jini yana iya kai ta ga jijjiga.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: wasu dunƙulen an ƙara musu iyodi da ƙarfe, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma dunƙule ɗanɗano ne kawai, ba ya gina jikin yaro. A ganina, gidan da ya saba jefa biyar ya koma ɗaya, ya cika sauran da batso. Batso ba ta da iyodi. Saboda haka ɗan gishirin da za a zuba ya zama mai iyodi, don tsare iyali daga maƙoƙo, da kuma lafiyar ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki.

Kada kuma a yi wa batso yabon da ya wuce ta. Ana ce mata naman talaka, to, amma mu yi lissafi. Dunƙulen batso mai giram 20 yana da abin gina jiki kamar giram 5. Idan mutum takwas suka ci miyar, kowa bai samu giram ɗaya cikakke ba. Yaro ɗan shekara biyu kuwa yana bukatar wajen giram 13 a yini. Ashe ɗan gutsuren da ake jefawa don ƙamshi bai isa ba. Sai an zuba ta da yawa, kamar yadda tsofaffi ke yi lokacin da babu nama, a kuma haɗa da wake ko ƙuli-ƙuli ko garin busasshen kifi. Waɗanda suka ga shekarar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, sun san yadda tamowa ta kama yara a jihar Tawa. Tamowa ba sai shekarar yunwa take zuwa ba. Tana kama yaron da ake cika wa ciki da farin kunu tsararo kullum, ko da rumbu cike yake.

A tukunya

Batso tana shiga miyar kuka, da ta kuɓewa, da ta yakuwa, da ta tafasa. A daka ta tare da albasa ko gabu, da tattasai da kauɗa, a zuba tun da fari don ta dahu sosai. Idan ta tafasa da kyau, warin yana kwantawa, ɗanɗanon ya fito. Wadda za a sa a yaji ko a kwaɗon zogale, a fara gasa ta a wuta. Kada a ci ta ɗanya.

Ƙarfen da ke cikin tsiro ya fi shiga jini idan ya haɗu da ɗanyen tumatir ko lemun tsami. Saboda haka a matsa lemun tsami a kwaɗo. Shayi kuwa yana tare shi. Mace mai ciki da mai ƙarancin jini su bari a daɗe bayan cin abinci kafin su sha shayi. Batso kuma ba ta maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata wajen awon ciki.

Jariri nonon uwa zalla zai sha har wata 6. Bayan nan ana iya ɗiba masa miya kafin a sa barkono da dunƙule, a dama masa da tuwo mai laushi, ana ci gaba da ba shi nono.

Wajen tsabta ne batso take cuta ko ta yi magani. Ruwan aikin ya zama mai kyau, hannu da turmi a wanke. Kada a shanya a ƙasa inda kaji da awaki ke bi. A ɗora a kan tabarma bisa rumfa, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda. Ta bushe har cikinta kafin a adana, kuma kada a ƙulle mai danshi cikin leda. Batson da ta yi fumfuna, kore ko baƙi, a zubar. Wasu irin fumfuna suna da dafi mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe wannan dafin. Kanwa ma a rage ta. Tana ƙara wa jiki irin nauyin da gishiri ke ƙarawa, tana kuma kashe wasu bitamin na cikin abinci.

A gona

Yanzu ga maganar magidanta. Mafi yawanmu muna barin yakuwa ga mata, ƴan layuka a iyakar gona ko a gamana. Alhali tsiro ɗaya amfani uku yake bayarwa: ganye don miya tun cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa; soɓorodo don sha da sayarwa; sai gurguzu don batso. Ana shuka ta da farkon damina, a cire da kaka bayan hatsi. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Manoman Galmi da Tsarnawa da na fadamar Magiya su lura da wannan: kada a maimaita ta wuri ɗaya kowace shekara, kada kuma ta bi bayan kuɓewa ko tumatir, don tsutsar saiwa iri ɗaya ke cin su. A bar ƙwanso ya bushe a kan kara, amma a yanke kafin ya tsage ƙwaya ta zube. Idan ana tsinkar ganye, kada a yi wa tsiro tsirara, in ba haka ba ƴaƴan za su ragu.

Babban abokin gaban gurguzu wani ɗan ƙwaro ne mai huda ƙwaya, ɗan'uwan na wake. Yana shigowa tun daga gona, ya hayayyafa cikin buhu. Wasu suna zuba maganin ƙwari na feshi, wannan kuwa haɗari ne ga abin da za a ci. Masu binciken aikin gona na INRAN a Maraɗi sun gwada buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka saba adana wake da shi, suka ga yana tsare gurguzu. Sharaɗin shi ne ƙwaya ta bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, kada kuma a riƙa buɗewa. Bido mai murfi, in an wanke an cika shi har baki, shi ma yana yi. Gurguzun da aka adana haka yana kaiwa bazara, lokacin da tiyarsa ke tsada a kasuwa.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya tambayi gidansu dunƙulen kanti nawa ake jefawa a yini, da kuɗinsu. Ya rubuta a littafinsa, ya lissafa na wata ɗaya. Malami ya sa a kwatanta wannan kuɗi da na tiyar gurguzu a kasuwar garinku. Cibiyar da take da mace gwanar batso ta gayyace ta aji, ta faɗi yadda take yi, ɗalibai su rubuta, a aiko wa wannan shafi.