Yadda wayar salula ke tace sigina

Wani mai sauraro daga Damagaram ya tambaya yadda wayar salula ke ware siginar da ta shafe ta daga tarin siginonin da ke yawo a iska.

Wannan aiki ne na wasu ƙananan matatai da ake yi da ma'adinai masu wata ɗabi'a, wadda Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880: idan aka matsa irin wannan ma'adini, kamar kwatz, sai ya fitar da lantarki, idan kuma aka ba shi lantarki sai ya motsa. Sigina na shiga matatar sai ta zama girgiza, kuma da yake kowane yanki na ma'adinin yana da saurin karkarwar da yake amsawa, kamar yadda tsirkiyar garaya ke da nata amo, siginar da ta dace kaɗai ke wucewa ta sake komawa lantarki.

Wahalar tana wajen ƙira. A samfurin SAW, inda girgizar ke bin saman ma'adinin, ana zana siraran layukan ƙarfe masu shiga tsakanin juna, tazararsu ce kuma ke ƙayyade siginar da za ta wuce. A samfurin BAW kuwa, wanda ya fi dacewa da siginoni masu saurin karkarwa sosai, kaurin wani ɗan shafe na aluminiyam naitaraid ne ke yanke hukunci, don haka ake sarrafa shi a ɗakunan da ake tace ƙura daga iskarsu. Kamfanin Murata na Japan da Broadcom na Amurka suna cikin manyan masu ƙera waɗannan matatai.