Aikatau "Look" da Haruffan da Ke Bin Sa: Darasi ga Mai Fassara

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye unguwanni da dama na Maiduguri, ina cikin ɗaliban da suka taimaka da aikin tafinta a wani sansani. Wata ma'aikaciyar agaji ta tambayi wata uwa da ke kwance ba lafiya: "Who is looking after your children?" Ni kuwa saboda gaggawa sai na ce, "Mama, wai wa ke neman 'ya'yanki?" Nan take matar ta zabura tana kuka, ta ɗauka yaran sun ɓace, alhali suna bayan rumfa suna wasa. Abin da aka tambaya shi ne wa ke kula da su. Wannan kuskure nawa shi ne dalilin rubuta wannan maƙala, domin mu ga yadda ƙaramar kalma guda take juya ma'anar aikatau baki ɗaya.

Yadda Ma'ana Ke Sauyawa

Idan "look" ya zo shi kaɗai, ma'anarsa duba. Amma da zarar wani harafi ya biyo bayansa, sai mai fassara ya nemi wani aikatau daban a Hausa. Ga misalai:

1. Look at: kalla ko duba. "Look at the board." Ku dubi allo.
2. Look for: nema. "She is looking for her son." Tana neman ɗanta.
3. Look after: kula da. "She is looking after her son." Tana kula da ɗanta.
4. Look into: bincika. "The committee will look into the matter." Kwamiti zai binciki lamarin.
5. Look up: nemo bayani a littafi. "Look up the word." Nemo kalmar a ƙamus.
6. Look down on: raina. "Don't look down on farmers." Kada ka raina manoma.
7. Look up to: ɗaukar mutum abin koyi. "We look up to our elders." Muna koyi da manyanmu.
8. Look forward to: ɗoki ko sa rai. "I look forward to the holiday." Ina ɗokin zuwan hutu.
9. Look out: hattara. Wanda ya ji an ce masa haka a bakin titin Kasuwar Monday, kaucewa zai yi, ba leƙa waje ba.

Mai karatu zai lura cewa misali na 2 da na 3 kalma ɗaya ce ta raba su, amma a na farko yaro ya ɓace, a na biyu kuwa yana hannun uwarsa.

Ƙa'idoji Uku

Na farko, wasu daga cikin waɗannan haruffa ba a raba su da aikatau. Ana cewa "look after him", ba a cewa "look him after". Amma "look up" mai ma'anar nemo kalma yana rabuwa, kuma idan karɓau wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "look it up".

Na biyu, idan aikatau ya biyo bayan "look forward to", sai ya ɗauki ɗafa-ƙeyar "-ing". Daidai shi ne "I look forward to hearing from you". Yawancinmu mukan rubuta "to hear" a ƙarshen takardar neman aiki, kuma kuskure ne.

Na uku, ba a yar da "at" idan akwai karɓau. Saboda a Hausa muna cewa "dube ni" kai tsaye, sai wasu su ce "look me". A daidaitaccen Ingilishi "look at me" ake cewa.

Hausa Ma Tana da Nata

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan rikici na Ingilishi ne kawai. Harafin "da" yana yin irin wannan aiki a Hausa. Dubi waɗannan:

Na ji shi. / Ina ji da shi.
Sun yi shi. / Sun yi da shi.
Ya zo. / Ya zo da shi.

"Ji da" na nufin ƙauna da alfahari, ba sauraro ba. "Yi da" mutum kuwa gulmarsa ce a bayan ido. Ni da na tashi da harshen Kanuri, na daɗe kafin in gane wannan, domin a Kanuri irin waɗannan ƙananan kalmomi a ƙarshen suna suke maƙalewa: "fato" gida, "fatoro" zuwa gida, "fatolan" a gida.

Bayan haka, abin da Ingilishi ke yi da harafi, sau da yawa Hausa da ƙarshen aikatau take yin sa. Wannan shi ne tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a shekarar 1960, wanda Paul Newman ya faɗaɗa bayaninsa a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Alal misali, "go out" shi ne fita, "come out" fito (giredi na 6), "take out" fitar da (giredi na 5). Haka nan "buy up" shi ne saye (giredi na 4), wato sayen abu duka. Ashe ke nan Bature yana ƙara kalma a gaba, Bahaushe yana sauya wasali da karin sauti, amma buƙatar ɗaya ce.

Shawara ga 'Yan'uwa Ɗalibai

Hanyar da ta fi yi mini amfani ita ce haddace aikatau tare da harafinsa a matsayin kalma guda, a cikin cikakkiyar jimla. Ka keɓe shafi a littafinka, ka rubuta jimlar Ingilishi a hagu, fassararta a dama. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, zai taimaka wajen tantance kalmar da ta dace. Idan kuwa tafinta kake yi, kada ka buɗe baki sai ka ji abin da ya biyo bayan aikatau. In ba ka ji da kyau ba, ka nemi a maimaita. Tambaya ba ta rage darajar tafinta.

Kammalawa

Wannan maƙala ta taɓo aikatau ɗaya ne tak. Akwai irin su "get", "take" da "put" waɗanda haruffansu suka fi na "look" yawa, kuma ina fatan wani daga cikinmu zai ɗauki ɗaya ya yi mana bayaninsa a fitowa ta gaba. Kafin nan, ga aikin gida. A fassara waɗannan zuwa Hausa ba tare da amfani da "duba" ko "kalla" ba: "Who will look after the shop?", "The police are looking into it", da "He looks down on us".