Wutar Dare a Ingila

A ƙasar Ingila ana sanyi ƙwarai, har ruwa ya kan daskare. Don haka wasu mutane su kan ɗumama ɗakunansu da wutar lantarki. Da dare masana'antu sun tashi, jama'a sun yi barci, wuta ta yi yawa, masu saye kaɗan. A shekarar 1978 aka fito da wani tsari mai suna Economy 7, watau ana sayar da wuta da araha har awa 7 cikin dare.

A gida mai wannan tsari akwai layi biyu. Ɗaya yana da wuta kullum. Ɗayan kuwa sai wajen tsakar dare ya ke samu. Shi ne ke zuwa ga murhun ɗaki, wani akwatin ƙarfe cike da tubali. Tubalin ya sha zafi da dare, ya yi ta sakinsa da rana. Agogo ne kusa da mita ke buɗe layin, ya kuma rufe shi.

To, in gari ya waye ɗaki da sanyi fa? Maigida mai hankali ba ya fara da kwance waya. Sai ya zaga ya taɓa kowane murhu. In guda ɗaya ne ya yi sanyi, laifin yana wurinsa. Watakila an kashe makunninsa, ko fis ɗinsa ya ƙone. Sau da yawa ma riga aka shanya a kai, zafi ya yi masa yawa, ya yanke wutar da kansa don kada a yi gobara.

In duka sun yi sanyi, sai a duba akwatin fis na layin dare. In lafiya ya ke, saura agogo. Ga dabara: mitar tana da lamba biyu, ta rana da ta dare. A rubuta ta dare da yamma, a sake dubawa da safe. In ba ta motsa ba, agogon bai buɗe layi ba. Wasu gidaje da saƙon rediyo a ke buɗe musu, amma an fara kashe wannan saƙo a shekarar 2025. Mita da agogo na kamfanin wuta ne, an ɗaure su da hatimi, su kaɗai ke taɓawa.

Ku lura da wannan ƙwarai. Layin dare ba shi da wuta da rana, amma bai mutu ba. Agogon da ya rikice yana iya sako wuta da azahar, hannun mutum na kan waya. Saboda haka ko mai gyara sai ya kashe babban makunni, ya gwada wayar, sa'an nan ya taɓa.

Tambayoyi

1. Don me wutar dare ta fi araha?
2. In murhu ɗaya ya yi sanyi, ina za a duba?
3. Wa ke da ikon taɓa mita?