SHINKAFA A CIKIN KWALBA

Jama'a, yau za mu bar fadama mu leƙa ɗakin bincike, mu ga yadda masana ke renon shinkafa a kwalba, ba ƙasa, ba ruwan sama.

Da farko sai a sami ƙwaya lafiyayya a ɓare ɓuntunta. A tsoma ta cikin sifirit, a jiƙa ta cikin ruwan bilic, sa'an nan a ɗauraye da dafaffen ruwa sau da yawa. Wannan wanki shi ne rabin aikin, domin ƙwayar fumfuna guda ɗaya in ta kuɓuce, cikin 'yan kwanaki ta cinye kwalbar duka.

Daga nan sai a ɗora ƙwayar bisa wani abinci mai daskarewa kamar kafaffen koko. A cikinsa akwai gishirin taki iri iri, da sukari wajen giram 30 a lita ɗaya. Wasu masana biyu a Amurka, Murashige da Skoog, su suka tsara wannan haɗi a 1962. Abin da zai ba ku mamaki, ana ɗiga masa 2,4-D, watau maganin ciyawan nan da kuke fesawa a gonar shinkafa, amma ɗan mitsitsi, wajen miligiram 2 a lita. Shi ke hana ƙwayar yin tsiro irin na kullum. Sai a ajiye cikin duhu mako uku ko huɗu, a ga wani ƙullutu fari-fari kamar dambu ya kumburo daga idon ƙwayar. In aka gutsuttsura shi, aka sake masa abinci marar 2,4-D, aka kai shi haske, sai ya yi kore, ya fid da ganye da saiwa. A Japan an yi nasarar haka tun 1968. Dashen da ya fito ba shi da ƙwari, sai an lallaɓa shi a tukunya cikin inuwa kafin ya ga rana.

To, wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, ga iri cike da buhu? Gaskiyarsa. Ba wanda zai dasa eka ɗaya ta wannan hanya ya ci riba, kuma wasu tsiran sukan saki kamannin uwarsu. Aikin na masu fid da sabon iri ne.

Ku dubi jar shinkafar Afirka, irin ta fadamun Sakkwato. Tana da jimiri, tana danne ciyawa, amma takan kwanta, kuma tana zubar da 'ya'ya. Ta Asiya kuwa ta fi ta yabanya. In an haɗa su aure, yawancin 'ya'yan ba su yin ƙwaya. Dakta Monty Jones, mutumin Saliyo, da abokan aikinsa a Buwake ta Kwaddibuwa, a shekarun 1990 suka riƙa ciro ɗan tayin ƙwayar tun yana ɗanye suna renonsa a kwalba. Daga wannan aiki aka sami shinkafar tudu NERICA, har aka ba shi babbar lambar abinci ta duniya a 2004. Irin da kuke saye da sunan FARO 55, shi ne NERICA ta ɗaya.