Kafin Ka Sayi Ƙwaƙwalwar Mota, Ɗauko Mita

Tambaya: Baba Injiniya. Ni makanike ne a Jega, ina aiki a garejin wani dila mai kawo motocin Kwatano. Duk motar da ta iso ni nake duba ta kafin a sayar, in kuma ta ba wanda ya saya matsala, gare ni ake maido ta. Akwai wata Corolla ƙirar 2007, 'yar Amurka, da muka sayar wa wani mai fataucin albasa a Aliero. Tana cikin tafiya sai ta mutu. Wani lokaci ta tashi nan take, wani lokaci ta ƙiya sai ta huce. Na sa mata kwamfuta ta nuna P0335, na canza sansan kiranshaf, ba a jima ba ta sake mutuwa a hanyar Maiyama. Rewaya ya ce birenbos ne, wato ƙwaƙwalwar mota. Maigida ya ce ba zai fid da ko sisi ba sai na tabbatar masa. Ta yaya zan tabbatar, kuma wa zan tambaya?

Amsa: Maigidanka yana da gaskiya. Mai yiwuwa ne rewayan ya dace, zan zo kan wannan a gaba, amma ko ya dace, cinta ya yi, don bai auna komai ba.

Mu fara da lambar da ka gani. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta ɗauki tsarin nan na OBD-II, mai sokat ɗin ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu gas. Abin da tsarin yake yi kaɗan ne: ƙwaƙwalwar mota tana rubuta abin da ta rasa ko abin da ya zo mata a karkace. P0335 ba ta ce sansa ya mutu ba. Cewa ta yi saƙon juyawar injin da ya kamata ya iso daga layin sansan kiranshaf bai iso ba, ko ya iso a lalace. Tsakanin sansan da ƙwaƙwalwar akwai sokat, akwai wayoyi masu bi ta jikin injin mai zafi, akwai faranti mai haƙora da sansan yake karantawa, sannan akwai wutar da ita ƙwaƙwalwar take ci. Kowanne ya samu tangarɗa, lambar nan za ka gani. Har batir mai rauni yana haifar da ita, idan kik yana jan injin da ƙyar. Kai kuwa abu ɗaya ka canza cikin abubuwa da yawa, shi ɗin ma ban san daga wane shago ya fito ba. Sansan jabu ya cika kasuwa, sabo a kwali ba shaidar lafiya ba ne.

Kana kusa da Aliero, ka san mai ɗorin kirki ba ya ɗaure ƙafa don majinyaci ya ce nan ke masa ciwo, sai ya lalubo karayar da yatsunsa. Yatsun mai gyaran wuta su ne mita da taswirar wayoyi.

Kafin ka buɗe bonet ma, zaunar da mai motar ka yi masa tambayoyi. Da rana take mutuwa ko har da sanyin asuba? A kan kwalta mai laushi ko in ta faɗa rami? Da AC a kunne? An wanke mata injin? An yi mata walda? An sa mata tiraka ko wani makullin ɓoye na hana sata? Wannan ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau, domin dilolinmu da masu saye suna son tiraka, masu sawa kuma da yawa yanke wayar famfon mai ko ta makulli suke yi, su murɗe da hannu, su naɗe da salatif. Zafin Afrilu, lokacin da awo kan haura 40 a yankinku, yana narkar da gam ɗin salatif, gargadar hanya ta ƙarasa sauran. Motoci da yawa da aka ɗora wa ƙwaƙwalwarsu laifi, ciwonsu yana wurin wannan murɗin.

Sai batir. Na san za ka ce ai tana tashi, batir lafiya lau. Auna dai. Motar da ta kwana a kashe, batir mai cikakken caji yakan nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabin caji ne. Ka sa yaro ya yi kik kana kallon mita: kada ta faɗi ƙasa da 9.6. In ta tashi, altaneta mai lafiya a irin wannan mota yakan ba da tsakanin 13.5 da 14.7, ko da ka kunna fitilu da fanka. Ƙasa da haka ba ya caji sosai, sama da 15 kuwa dafa batir yake yi, yana ƙona kayan wuta a hankali. A ƙasarmu zafi ne ke kashe batir, yana ƙafar da ruwansa, shi ya sa ba ya daɗewa kamar yadda aka rubuta a jikinsa.

A nan zan roƙe ka abu ɗaya. Al'adar nan ta cire kan batir mota tana aiki, wai don a ga ko altaneta yana caji, a bar ta haka nan. A zamanin 504 mai kafireto an yi an zauna lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, batir shi ne ke shanye tsallen wutar altaneta. Ka cire shi, wutar ta yi sama, ta faɗa kan duk abin da ke kunne. Da hannunmu muke ƙona birenbos, sannan mu ce motocin zamani ba su da ƙarko. Haka walda ba a cire batir ba, haka jona batir a juye, haka watsa wa injin ruwan famfo mai ƙarfi a wurin wanki.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne at, wato wayoyin da ke haɗa kan batir na nagetif da bodi da injin. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo, kuma ta jikin mota take dawowa. Noti ɗaya ya saki, ko tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa, sai mota ta riƙa abubuwan da za ka rantse aljanu ne: fitilun dashbod su yi ta ƙyaftawa, giya ta riƙa duka, kwamfuta ta zubo lambobi barkatai da ba su da dangantaka da juna. Kallon ido ba ya kama wannan, auna om ma yakan yaudare ka, don silin waya ɗaya da ya rage zai nuna maka hanya a buɗe take alhali ba ta iya ɗaukar nauyi. Abin da ake aunawa shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya lokacin da layin yake ɗauke da kaya. Ka sa mita a kan bolt, ƙafa ɗaya a kan ƙarfen batir na nagetif, ɗayar a jikin injin, a yi kik. In ka ga abin da ya wuce 0.3, at ɗin nan ba shi da kyau. Ka yi haka a ɓangaren fozitif, daga batir zuwa kik. Kada ya wuce 0.5. Ka kwance, ka kankare har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Minti goma ne, ba ka sayi komai ba.

Fiyus da rile ba sa buƙatar dogon bayani. Ka duba fiyus na EFI da rilensa, ka ga ko ƙafafunsu sun yi baƙi ko ramin ya buɗe ya daina kamawa. In ka tarar an ɗaure fiyus da waya ko takardar sigari, ka san akwai layin da ke cin wuta fiye da ƙima, aka rufe masa baki.

Tunda ciwon motarka mai zuwa ne ya tafi, dole ka kama shi yana aikatawa. Kada ka goge lambar sai ka ɗauki hotonta tare da bayanan da ƙwaƙwalwa ta daskarar a daidai lokacin da abin ya faru: zafin injin, gudun mota, juyin injin. Masu yawon sa kwamfuta da yawa gogewa kawai suka iya, fitilar cek ta mutu, a biya su, shaida ta tafi. Ka fita da motar da tsakar rana, kwamfuta a jone, mita a aljihu. Da ta mutu ta ƙi tashi, murɗa makulli zuwa ON ka kalli dashbod. Fitilar cek ta kama? In ba ta kama ba, ƙwaƙwalwa ba ta farka ba ke nan: ko wuta ba ta isa gare ta, ko at ɗinta ya saki, ko ita kanta ce. In ta kama, yi kik ka kalli juyin injin a fuskar kwamfuta. Ya tsaya a sifiri alhali injin yana juyawa? To saƙon sansa ne ba ya zuwa. Sansan wannan injin waya biyu gare shi. Auna om ɗinsa da zafinsa a wurin, ka sake aunawa in ya huce, ka gwada da adadin da littafin kamfani ya bayar. Daga nan ka bi wayoyin biyu har sokat ɗin ƙwaƙwalwa, wadda ke bayan akwatin gaban fasinja. A gareji kuma, mota tana silo, ka bi damin wayoyi kana girgizawa kaɗan-kaɗan; inda ka taɓa ta yi tari, nan ne. Motar ɗan kasuwa da ke kwana kusa da buhunan hatsi, kada ka manta da ɓera. Ka ɗaga kafet ma ka shinshina, ka duba ƙasan kujeru ko akwai tsatsa da busasshen taɓo, don cikin motocin gwanjo na Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Harvey a 2017, kuma irinsu sokat ne ke rubewa daga ciki yana yin kore.

Kada ka huda rigar waya da allura ka bar ramin, damina za ta shiga ta nan. Fitilar gwaji mai ƙwan fitila kuma kada ta hau layin sansa, balle wayoyin jakar iska masu launin rawaya.

Yanzu ga inda rewayanka zai iya dacewa. A watan Agustan 2010 kamfanin Toyota ya yi kiranyen Corolla da Matrix kimanin miliyan 1.13 a Amurka, ƙirar 2005 zuwa 2008, saboda ƙwaƙwalwar injin da ke iya tsagewa daga ciki, motar ta ƙi tashi, ko giya ta yi duka, ko ta mutu ana cikin tafiya. Motarka tana cikin waɗannan shekaru. Ka ɗauki lambar shasi, mai harufa da alƙaluma 17, ka sa a shafin kiranye na Toyota ta Amurka ka ga ko tana cikin waɗanda abin ya shafa da ba a gyara ba tukuna. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta ɗauke maka awo ba. Ana yanke wa ƙwaƙwalwa hukunci ne bayan an tabbatar wuta tana isa gare ta cikakkiya, at ɗinta lafiya, saƙon sansa yana kaiwa bakin sokat ɗinta, amma duk da haka ta ƙi ba koyil da nozul umarni. In aka kai nan, a saya. Ka tabbatar lambar da ke jikin wadda za a kawo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ta dace da taka, ta injin ɗaya, giya ɗaya, kasuwa ɗaya, kuma in motar mai makullin sirri ce, sai an haɗa sabuwar da makulli kafin ta tashi. Ka yi yarjejeniya da mai kaya tun farko cewa in ba ta yi ba za a maido masa.

Batun wa za ka tambaya, matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Mafi yawan kiran da ake yi mini ba ya wuce "Baba, wata Corolla ce tana mutuwa, mene ne?" Babu injiniyan da zai amsa wannan, ko a Japan yake. Kafin ka kira kowa, ko babban rewaya a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko sashen gyara na wakilin kamfani, ka rubuta lambar shasi, samfurin injin, irin giya, tafiyar da ta yi, duk lambobin da kwamfuta ta nuna, yanayin da take mutuwa, abin da aka ƙara mata, abin da ka canza, da alƙaluman da mita ta ba ka. Alƙaluma nake nufi, kada ka ce "batir lafiya", ka ce 12.5 a kashe, 10.4 a kik, 14.1 tana aiki. Wanda ya ji haka ya san da ma'aikaci yake magana, zai ba ka lokacinsa. Sau da yawa ma kana cikin rubutun za ka ga gurbin da ka tsallake.

Taswirar wayoyi kuwa ka daina aiki babu ita. Toyota tana da ma'ajiyar bayanan gyara mai suna TIS da ake biyan kuɗin shiga na 'yan kwanaki, akwai kuma irin su Alldata da Autodata masu tattara na kamfanoni da yawa. In ya yi wa mutum ɗaya tsada, ku kai maganar reshenku na ƙungiyar NATA ku haɗa kuɗi, ku sayi kwamfuta mai kyau tare. Ka riƙa bin sanarwar horon da hukumar NADDC take shirya wa makanikai, da na cibiyar koyarwa ta PAN a Kaduna. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar Aliero kusa da kai. Ɗalibin lantarki zai koya maka karanta taswira, kai ka koya masa riƙe sifana, kowa ya ƙaru. Wata rana in aka kawo maka sabuwar mota da garantinta bai ƙare ba, kada ka yanke ko waya ɗaya sai ka kira wakilin da ya sayar, don yankan nan na iya zubar da garantin.

Ga maigidanka kuma ina da magana, ka karanta masa. Alhaji, binciken wuta aiki ne mai cin yini, kuma ya cancanci lada ko ba a canza komai ba. Muddin kuɗin kaya kawai ake biya, makanike zai ci gaba da canza kaya. Ka saya wa yaron nan mita mai kyau, ka ba shi motar da man da zai fita da ita gwaji, ka riƙe kuɗin birenbos a aljihunka har sai ya kawo maka alƙaluma a rubuce.